Wace dabba za a ajiye wa yara a gida a Damagaram? Tambayoyi da amsoshi

Yaro ya ga zomo a gidan maƙwabta, ko ya ga tattabaru suna shawagi a saman Birni da yamma, ya dawo gida ya kafe sai an saya masa nasa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye suka fi yi a irin wannan hali. An amsa su bisa yanayin Zinder, inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, ruwa ke yin wuya a unguwanni da dama, kuma tsakar gida ɗaya ce ake girki, yara ke wasa, dabba ke yawo.

Akwai dabbar da ba ta da ɗawainiya ko kaɗan?

Babu. Akwai dai wadda ɗawainiyarta minti 10 ce a rana, akwai wadda za ta ci muku awa guda. Kuma ku sani tun farko, ko da sunan yaro aka saya, dabbar ta babba ce. Ɗokin yaro sati biyu ne ko uku, daga nan ruwa da shara su koma hannun uwar gida. Saboda haka kafin maigida ya shigo da kwali daga kasuwa, ya fara shawara da ita.

Abu uku ake dubawa a garin nan: shin dabbar na jure zafin bazara ba tare da wuta ko ƙanƙara ba, ruwa nawa take ci wajen sha da wanki, sannan abincinta yana cikin abin da gida ke da shi, ko sai an fita nema kullum. Dabbar da kakanninmu suka ajiye a cikin wannan zafin ta riga ta ci jarrabawar.

Ɗana shekararsa 3. Ya isa a saya masa?

Ya isa kallo, bai isa riƙo ba. Yaron da bai kai shekara 5 ba duk abin da ya taɓa bakinsa yake kaiwa, kuma kashin kaji, 'yan tsaki, agwagi da kunkuru na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela ko da dabbar lafiyarta lau. A jikin babba zawon kwana biyu ne, a jikin ƙaramin yaro yana iya kaiwa ga ƙarin ruwa a asibiti. Ga kuma hannun ɗan yaro bai san sassauci ba, matse tsako yake yi har ya mutu yana ganin wasa ne.

Daga shekara 5 zuwa 7 yaro na iya zuba hatsi da canza ruwa, babba na tsaye a kansa. Shara da wanke mazubi sai ya kai 8 ko 9. Idan akwai mai rarrafe a gidan, dabbar da ke kashi a tsakar gida ta jira tukuna, ko a killace mata gefe guda da zana. Wanke hannu da sabulu bayan taɓa dabba kuma doka ce, a ajiye buta da sabulu a kusa da wurinta don kada a ce an manta.

To wacce kuka fi ba da shawara?

Tattabaru biyu, mace da namiji, idan abin da ake so shi ne yaro ya koyi ciyarwa da lura. Mage, idan yaron na son abin da zai shafa ya zauna kusa da shi. Kazar gida ce ta uku. Zomo, wanda shi aka fi saya wa yara, yana can ƙasa a lissafinmu, za a ga dalili.

Yaya ake fara ajiye tattabaru?

Ku sayi ma'aurata da suka riga suka haɗu, ko matasa 'yan wata biyu zuwa uku daga wurin mai kiwon da kuka sani. Matasa sun fi saurin sabawa da sabon gida. Babbar tattabara da ta taɓa ƙyanƙyasa a wani gida, ana sakin ta can za ta koma, ko da daga Garin Malam zuwa Zango ne, wannan ba komai ba ne a wurinta.

Ɗakinsu ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Akwatin katako mai faɗin santimita 40 ta kowane gefe ya wadatar, ko tsohuwar tukunyar ƙasa mai faɗin baki a kwantar da ita a jikin bango. Tukunyar ta fi, domin ƙasa na riƙe sanyi. Garwa ko gwangwanin ƙarfe kuwa kada a yi da su, a bazara ƙwai dahuwa yake a ciki. A ɗaga ɗakin kamar mita 2 daga ƙasa, a ƙarƙashin inuwa, nesa da katangar da muzuru zai iya dirowa daga kanta. Ƙofar ta kalli kudu, saboda hadari daga gabas yake tasowa, iskar hunturu daga arewa maso gabas, rana mai zafi kuma ta yamma ce. Kowane ma'aurata a ba su gurbi biyu, don macen na sake yin ƙwai tun 'yan shila na farko ba su bar sheƙa ba, in gurbin ɗaya ne sai a tattake ƙwan.

Sati 3 zuwa 4 na farko a rufe su da raga, su riƙa ganin tsakar gida ba tare da sun fita ba. Duk lokacin da yaro zai zuba hatsi ya yi wata alama iri ɗaya, fito ko kaɗa hatsi a gwangwani. Ranar sakin farko a bari sai yamma, kafin a ba su abinci, yunwa ce za ta dawo da su.

Tattabara ɗaya na cin giram 30 zuwa 40 na hatsi a rana, wato ma'aurata na cinye kusan tiya guda a wata. Gero da dawa su ne ginshiƙi, a haɗa da wake ko gyaɗa kamar kashi ɗaya cikin biyar, musamman lokacin da suke ciyar da 'ya'ya. A ajiye musu ƙananan tsakuwa da dakakken ɓawon ƙwai a kasko daban. Tattabara tsoma baki take ta zuƙi ruwa, ba ɗaga kai take kamar kaza ba, don haka zurfin ruwan ya kai santimita 3 aƙalla, a canza shi kullum. Rabin lita ya ishe su, wanda a Zinder ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙwai biyu take yi, uwa da uba su riƙa karɓa-karɓa wajen kwanci har kwana 18. 'Yan shila na barin sheƙa a sati na 4 ko na 5. Wannan yawan haihuwar ita ce matsalarsu: biyu kan zama goma cikin shekara guda, kashi ya cika rufin maƙwabta, a fara sa-in-sa. In ba a son su ƙaru, a cire ƙwan ranar da aka yi shi a sa dafaffe a madadinsa ta ci gaba da kwanci, ko a riƙa cin 'yan shilan.

Waɗanne cututtuka ne ke kama su, kuma suna shafar yara?

Uku aka fi gani. Na farko wani abu rawaya mai kama da cuku da ke taruwa a maƙogwaro, ya hana ɗan shila haɗiya. Ta ruwan sha yake yaɗuwa, likitan dabbobi na da maganinsa, kuma wanke mazubi kullum shi ne rigakafi. Na biyu ƙuraje masu tauri a gefen ido da baki da ƙafa, sauro ke kawo su da damina. A shafa betadin, kada a ɓamɓare, cikin sati 3 zuwa 4 suke bushewa. Na uku shi ne mai muni: zawo kore-kore da murɗewar wuya, tsuntsu ya riƙa sarar hatsi yana kuskure. Ba shi da magani, a ware mai shi nan take.

Abin da ya shafi mutane shi ne ƙurar busasshen kashi, wadda ke shiga huhu. A yayyafa ruwa kafin a kankare, babba ne zai yi, sau ɗaya a sati. Gidan da ke da mai asma ya bar maganar tsuntsaye gaba ɗaya. Kashin kuma masu lambu na son sa.

Me ya sa kuka mayar da zomo baya, alhali ba ya ƙara kuma ba ya cin kuɗi?

Zafi ne dalili na farko. Zomo ba ya gumi, da kunnuwansa yake rage zafin jiki. Da yanayi ya haura digiri 30 ya fara wahala, a 35 zuwa sama yana iya mutuwa cikin 'yan awoyi. Yanzu ku tuna tsakar ranar Mayu a ƙarƙashin rufin kwano. Yawancin zomayen da ake saya wa yara da sanyi ba sa ganin farkon damina, a ce maita ce ko kambun baka, alhali keji ne aka bari a rana.

Na biyu, zomo ba ya son ɗauka. A dawa abin da ke ɗaga shi sama shaho ne, don haka in yaro ya sure shi sai ya yi ta harbi da ƙafafun baya. Ƙashin bayansa ba shi da ƙwari, harbi ɗaya mai ƙarfi ko faɗuwa daga hannu na iya karya shi, ƙafafun baya su shanye. Yaron kuma ya sha yakushi. Ɗauka ta kunne, wadda aka saba gani a kasuwa, azaba ce a gare shi.

Na uku, cikinsa ba ya son kuskure. Tuwo, burodi, shinkafa, ko canjin abinci farat ɗaya na tsayar masa da hanji ko su sa shi zawo. Yara kuwa abin da ke hannunsu suke miƙa masa.

Sai haihuwa. Cikin zomanya kwana 31 ne, tana haifar 4 zuwa 8, kuma tana iya sake ɗaukar ciki washegarin haihuwa. Wanda ke son kiwon zomo don nama ko kasuwa, wannan riba ce. Wanda ya saya don yaro ya yi wasa, ya jawo wa kansa aiki.

An riga an saya. Yaya za a yi ya rayu?

Keji ya kai santimita 120 a tsawo, 60 a faɗi, 50 a tsayi, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gafiya da tururuwa. A sa shi ƙarƙashin bishiya ko rumfar zana inda iska ke ratsawa. Idan ƙasan raga ce a shimfiɗa katako a gefe guda, waya na cin tafin ƙafarsa. Da bazara a jiƙa buhun algarara a rataya a gefen da iska ke shigowa, a kwantar da tsohon tulu mai danshi a ciki ya riƙa jingina. In ana samun ƙanƙara, gora guda a naɗe da tsumma daga ƙarfe 12 zuwa 4 na yamma na ceton rai. Idan kuka gan shi ya miƙe yana haki, hanci ya jiƙe, kunnuwa sun yi zafi, ku shafa wa kunnuwan ruwan randa ku kai shi ɗaki mai sanyi. Kada a tsoma shi cikin ruwa.

Mafi yawan abincinsa busasshiyar ciyawa ce da harawar wake ko ta gyaɗa, kada ta yanke a gabansa, domin haƙoransa ba sa daina tsiro, tauna ce ke rage su. Dusa cikin tafin hannu ɗaya a rana ta isa. Ganyen dankalin Hausa, zogale, yaɗiya da ganyen karas duk suna da kyau, a wanke, a bar su su sha iska, a fara da kaɗan. Tumfafiya, zurma, zaƙami da bini-da-zugu guba ne, a nuna wa yara su da ido. Maganar cewa zomo ba ya shan ruwa ƙarya ce da ta kashe zomaye da yawa: mai kilo 2 na shan kusan kwatar lita, da zafi ya ninka.

Wajen ɗauka, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi ƙugu, a manna shi a jiki. Yaro ya zauna a ƙasa a ɗora masa a cinya. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba kuma bai yi kashi ba yana cikin haɗari, a nemi likita ranar. Ɓawo mai kauri a cikin kunne ƙazuwa ce, allurar ibamektin na maganinta.

Ɓeran Masar fa?

Ya fi zomo haƙuri da hannun yara, ba kasafai yake cizo ba, ba ya tsalle. Sai dai zafi na kayar da shi kamar zomo ko fiye, kuma jikinsa ba ya haɗa bitamin C, dole kullum a ba shi ɗanyen ganye ko ɗan tattasai, in ba haka ba gaɓoɓinsa su kumbura. Ba ya zama shi kaɗai, a sayi mata biyu. Ga mai ɗakin ƙasa mai sanyi kuma kusa da 'yan lambu, ba laifi.

Mage tana da tsafta? Me take buƙata?

A wajen addini ba najasa ba ce, hadisi ya ambace ta cikin masu kai-da-kawo a tsakanin mutanen gida. Haka kuma an san hadisin matar da aka azabtar saboda magen da ta kulle ba ci ba sha, wanda ya ɗauko ta ya ɗauki amana.

A wajen aiki, ita ce mafi sauƙi cikin dabbobin da ake shafawa. Tana neman inuwa da kanta, tana wanke jikinta, tana binne kashinta, ga maganin ɓeraye a ɗakin hatsi. A karɓi ɗan mage da ya kai sati 8 a wurin uwarsa, wanda ya saba da hannun mutane. Wanda aka raba da uwa tun yana sati 3 ko 4 yakan mutu, ko ya taso da cizo. Wanda aka tsinto a bola kuma ba a san abin da ya cije shi ba.

Da zuwansa a ba shi maganin tsutsar ciki, a maimaita bayan sati 2, daga nan duk wata 3. Yana cika wata 3 a kai shi ofishin kiwo ko wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin haukan kare, a riƙa sabuntawa duk shekara, a adana takardar. A zuba yashi mai zurfin santimita 5 zuwa 7 a tsohuwar roba a ajiye a lungu, a kwashe kashi kullum, a canza yashin duk sati. In ba a yi haka ba, tarin yashin da yara ke wasa a kai shi za ta zaɓa.

Mage mai cin nama ce, tuwo da miya kaɗai ba sa riƙe ta. Kan kifi, busasshen kifi, guntayen nama daga mahauta a dafa, ko dafaffen ƙwai, ko kaɗan ne a haɗa mata kullum. Madara na sa manyan maguna da yawa zawo, ruwa ya fi. Albasa da tafarnuwa na lalata mata jini. Maganin ɓera kuma a daina sa shi, yana kashe magen da ta ci ɓeran, balle yaron da ya tsinci ƙwayar.

Macen na fara neman namiji tun tana wata 5 ko 6, cikinta kwana 63 zuwa 65, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Namijin da aka dandaƙe tun yana ƙarami shi ya fi kwanciyar hankali: ba yawon dare, ba faɗa, ba fitsari a bango. A koya wa yaro barin ta idan tana ci ko barci, kuma jela ba igiya ba ce. In an ga gashinta ya zube a zagaye kamar kwabo, makero ne, yana kama yara, a yi wa duka biyun magani. Ba ta kwana inda jariri yake, a soke gidan sauro da kyau.

Matata na da juna biyu. Mu kori magen?

Ba sai an kore ta ba. Akwai wata ƙwayar cuta a kashin mage da ke iya cutar da ɗan tayi, amma sai kashin ya kwana ɗaya zuwa biyar take zama mai kamawa. Wani ya riƙa kwashe yashin kullum, mai cikin kada ta taɓa shi, ta kuma guji naman da bai gasu ba da salak ɗin da ba a wanke sosai ba, domin ta nan ma ake kamuwa. Sabon ɗan mage dai a jira sai an sauka.

Kaza ko zabo?

Kazar gida budurwa, wadda ta kusa fara ƙwai, ita ce zaɓi. Tana tsintar abincinta, a ƙara mata hatsi ko dusa cikin hannu ɗaya safe da yamma. Tana yin ƙwai 10 zuwa 15 ta kwanta kwana 21, yaro ya ga ƙyanƙyasa da idonsa. Akurki mai ƙofa da dare, toka a wani lungu don ta yi birgima ta kashe ƙwarƙwata.

'Yan tsakin kwana ɗaya ba kayan wasa ba ne, a satin farko suna buƙatar ɗumin digiri 32 zuwa 35 dare da rana. Kajin gidan gona na nama kuma an yi su ne don a yanka a sati 6 zuwa 8, bayan haka nauyi da zafi ke kashe su. Zabo ga kuka ga tashi sama, ba ya sabo.

Annobar da ke share kaji da hunturu, mai sa gyangyaɗi, zawo kore da murɗewar wuya, ita ce Niyukasil. Ba ta da magani amma rigakafinta na da araha. A yi kafin sanyi ya shigo, wajen Oktoba ko Nuwamba. Irin na ɗigawa a ido ana maimaita shi duk wata 3 zuwa 4.

'Yar akuya ko ɗan rago ba su fi amfani ba?

Sun fi amfani, ba su fi sauƙi ba. Akuya mai kilo 20 na cin giram 600 zuwa 700 na harawa a rana, ta sha lita 2 zuwa 4, kuma kun san yadda harawa ke tsada daga Maris zuwa saukar ruwa. Ba ta son kaɗaici, in ita kaɗai ce kuka za ta yi ta yi. A cikin gari leda ce babbar ajalinta: tana taruwa a tumbi, akuya ta yi ta ramewa ciki na girma, sai tiyata. In ta faɗa buhun gero ta ƙoshi, ciki ya kumbura, wannan ma na kisa cikin kwana guda. A ɗaure ta a ƙafa ko da igiya mai ƙullin da ba ya zamewa.

Ga gidan da dama ake kiwo, ba wa yaro mai shekara 8 ko 9 'yar akuya tasa, irin jar akuyar Maraɗi mai yawan tagwaye, tsohuwar hanya ce ta koya masa tattali. A kai ta rigakafin PPR, wato annobar awaki da tumaki, da ma'aikatan kiwo ke yi, a dafa nononta kafin a sha. Bunsuru da babban rago suna tunkuyi, ba na ƙananan yara ba ne.

Idan za a yanka dabbar daga baya, a gaya wa yaro?

A gaya masa tun ranar da aka kawo ta. Manya sun san sabo da kaza ba ya hana yanka, yaro mai shekara 5 bai sani ba. Ragon layya a kira shi ragon layya tun farko. Wadda aka ce tasa ce kuwa, kada ya dawo daga makaranta ya tarar da ita a miya don an yi baƙi. In dole ta sa, a nemi yardarsa a maye masa gurbinta.

Kare fa? Kuma me za a yi idan dabba ta ciji yaro?

Kare na gadi ne, na farauta da kiwo, kuma ɗawainiyarsa ta fi ta duk waɗanda aka ambata. Ba ma ba da shawarar a ɗauko ɗan kwikwiyo don ƙananan yara.

Cizon ne ya kamata kowane gida ya san yadda ake yi da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Mage da biri ma suna ɗauke da shi. Da alamun sun bayyana babu magani, amma kafin nan allura na hana shi.

Da an yi cizo ko yakushin da ya fasa fata, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a duba agogo, domin ya fi yadda ake zato tsawo. A zuba betadin ko alkol. Kada a shafa toka, barkono ko gashin karen, kada a ɗaure da ƙarfi. A tafi asibiti ranar, a faɗi dabbar da ta yi cizon. In an san ta, a tsare ta a sa mata ido kwana 10 zuwa 15, amma ba a jiran ƙarshen kwanakin kafin a fara allura. Cutar na iya ɓuya wata ɗaya zuwa uku, warkewar miki ba shaida ba ce. Yara na ɓoye cizo don tsoron duka, a gaya musu tun yau wanda ya faɗa ba za a taɓa shi ba.

Wani ya kawo kunkuru daga daji. Ga aku da ɗan biri ana tallarsu.

Kunkurun Sahel da kuke gani kamar tafin hannu yana girma ya wuce kilo 30, ya rayu fiye da shekara 50, ya haƙa rami a gindin katangar ƙasa. Yana ɗauke da salmonela, kuma yana cikin dabbobin da ke ƙarewa. Aku mai jar jela tun 2017 aka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, bakinsa kuma na iya fasa yatsan yaro. Biri da ya balaga cizo yake. Dokar farauta da kare namun daji ta Nijar ta 1998 ta tsara riƙe irin waɗannan, ma'aikatan gandun daji na da ikon karɓewa. A bar su.

Kifi a kwalba?

Ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai, injin hura iska kuma na tsayawa duk lokacin da aka ɗauke wuta. Ruwan famfo sai ya kwana a buɗe kafin a zuba, a canza kashi ɗaya cikin huɗu duk sati. A bazarar Zinder da wuya ya kai labari. Tarwaɗa a buɗaɗɗen tonno kuwa haɗari ne ga mai tatata.

Yaya ake gane lafiyayya a kasuwa?

Gidan mai kiwo ya fi kasuwa, don za ku ga iyayen da wurin kwanansu. In kasuwa ce, kasuwar Dole ko ta ranar Alhamis, ku je da sassafe kafin rana ta galabaitar da su. Ido ya zama garau ba kwantsa, hanci a bushe, ƙarƙashin jela ba alamar zawo. A tsuntsu a shafa ƙirji, in ƙashin ya fito kamar wuƙa ramamme ne, a buɗe baki a leƙa maƙogwaro. A zomo a leƙa kunne, a duba haƙoran gaba sun haɗu daidai. Wadda ta lafe a lungu ta bari aka kama ta ba motsi, sau da yawa ciwo ne ba ladabi ba. A kawo ta gida cikin kwali mai huji, ba a buhun leda ba, a ware ta sati 2 kafin ta haɗu da na gida.

Za a iya ba su maganin mutane?

Farasitamol ƙwaya ɗaya na kashe mage. Amoksisilin da ampisilin ta baki na kashe zomo da ɓeran Masar, domin suna share ƙwayoyin da hanjinsu ke narka ciyawa da su. Maganin kaska na shanu ko na feshin gona, in aka shafa wa mage, jijjiga take ta mutu. Kafso ja da rawaya da ake kwancewa a ruwan kaji ba ya maganin Niyukasil. A bar masu tallar magani a faranti, a je wurin likitan dabbobi da dabbar ko hotonta, a faɗi nauyinta.

Idan za mu yi tafiya, ko dabbar ta mutu?

Tattabaru da suka saba na iya kwana biyu da hatsi da ruwa a mazubi biyu cikin inuwa. Mage, zomo da akuya sai an bar su a hannun wani babba mai leƙowa safe da yamma, da bazara har da tsakar rana.

Wadda ta mutu kada yara su ɗauke ta, kada a jefa ta a bola ko kan titi. A sa leda a hannu, a haƙa rami mai zurfin rabin mita zuwa mita guda nesa da rijiya, a zuba toka ko farar ƙasa a binne. A wanke kejin da ruwan jabel, a shanya shi a rana sati guda kafin a sa wata. Idan tsuntsaye biyu ko uku suka mutu a jere cikin kwana ɗaya ko biyu, ba a yanka sauran a ci. A Magariya aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijar a shekarar 2006, kuma cutar na kama mutum. A rufe akurkin, a hana yara zuwa wurin, a sanar da ofishin kiwo mafi kusa.